Tabarmar Sodea

Meiganga, Laraba

Zuwa ga maigidana, Baban Sodea,

Gaisuwa mai yawa. Ya aikin tashar jirgin ƙasa a Belabo, ya ciwon bayanka? Mu nan lafiya lau, sai ruwan Agusta da ya hana itace kamawa, ga mu muna tuƙa wa yaran sansanin coci tuwon rogo cikin hayaƙi.

Hankalina ba a kwance yake ba. Tun da ka rantse cewa in aka sake koro ɗanmu daga sansanin saboda dambe za ka kai shi Bertoua wurin yayanka kafinta, na kasa zama wuri ɗaya. Ina tuƙi, kunnena na wajen filin wasa. Bai doki kowa ba tukuna, amma ga wani sabon abu: kullum da safe sai a gan shi yana wanke tabarma a rafi, wai fitsarin kwance yake yi. Sodea fa, ɗan shekara goma sha ɗaya, wanda tun yaye bai jiƙa min zane ba! Yara sun sa masa suna Kogin Lom. Jiya wani ya ce masa, "Kogi, yau ma ka yi ambaliya?" Na ga ya dunƙule hannu, sai ya tura shi aljihu. Na ja shi gefe, ya ce, "Mama, don Allah ki koma kan tukunyarki." Ji min ɗan banza!

Ko ciwo ne? Ka sa mu a addu'a.

Matarka, Odet

Meiganga, Lahadi

Baban Sodea,

Bayan gaisuwa da fatan bayan ya yi sauƙi, ka nemi wuri ka zauna.

Ka san al'adar sansanin: ranar farko Fasto Darman yakan raɗa wa kowane yaro sunan wani, ya zama mala'ikansa mai tsaro a ɓoye, sai ranar rufewa a bayyana. Yau bayan sujada kowa ya tashi ya faɗi wanda ya kula da shi da abin da ya yi masa. Da aka zo kan namu, ya ce, "Ndinga aka ba ni. Ban yi masa komai ba." Aka kwashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Ka tuna Ndinga, ƙaramin nan ɗan mai ɗinki, wanda Sodea ya fasa wa leɓe bara har aka koro mana ɗan namu.

Sai ga Ndinga ya miƙe. Ya ce, "Ƙarya yake, Fasto. Ni ne mai fitsarin. Kullum musanya min tabarma yake yi."

Fasto ya kira Sodea gaba ya dafa kansa, ya ba shi ƙararrawar sansani ya kaɗa ta rufewa, wadda ake ba yaron da ya fi kowa halin kirki. Na yi kuka har Madam Mbele da ke zaune kusa da ni ta ara min gefen zanenta. Shi ko gogan naka bai murmusa ba, haushi ma yake ji wai Ndinga ya tona asirin kansa a banza.

Ka faɗa wa yayanka ya nemi wani ɗan koyo. Wannan nawa ne, ba inda za shi.

Taka har kullum, Odet