Ƙwallon Toku da Safata

Lahadi, 7 ga Afrilu

Koci Ebina ya zo fili da sabon abin wasa, na'urar auna gudun ƙwallo, mai kama da abin busar da gashin mata. Ƙungiyar ƙwallon gora, wasan da ɗaya ke jefa ƙwallo wani ya doke ta da gora, ta tsofaffi ce fa tamu, ƙaraminmu ya ba sittin baya, amma kowa ya bi layi kamar 'yan firamare a gaban mai alewa.

Toku ya hau tudun jifa, ni kuma na tsuguna da safar hannu ta cafewa kamar yadda nake tsuguna masa tun muna sakandare. Ya jefo. Safata ta ce fau! har tsuntsayen bakin kogi suka tashi. Na ce, "Ƙwallo kenan!" Koci ya duba na'ura ya ce, "Saba'in da huɗu."

Kilomita saba'in da huɗu a awa. Motar da Toku ke kai awara da ita ma ta fi haka a gangara.

Toku ya ce, "Batirin abin nan ya yi sanyi." Koci ya ce, "Naka dai."

Sai Shimamoto, sabon shiga, jaririn ɗan sittin da ɗaya, ya jefa casa'in da takwas yana murmushi. Koci ya ce gasar gunduma ranar 26 ga Mayu ce. In Toku bai kai tamanin da biyar ba kafin nan, tudu na Shimamoto ne. Tun da aka kafa ƙungiyar nan ba wanda ya buɗe mana gasa sai Toku. Ya ɗauki manjagara ya gyara ƙasar tudun, ya rusuna wa fili, ya tafi.

Laraba, 10 ga Afrilu

Abin da Toku bai sani ba, ƙarar nan tawa ce. Mai cafewa na ƙwarai ya san inda zai tari ƙwallo a cikin safa don ta yi tsawa, ni kuma tuni na zare rabin audugar ciki. Tafi yana shan zafi, amma mai jifa yana jin kansa zaki.

Kakata tana da tatsuniyar kwaɗon da ke waƙa a cikin rijiya, yana jin muryarsa ta cika duniya, bai san rijiyar ce ke yi masa alheri ba. Ni ne rijiyar Toku. Yanzu Ebina ya zo da guga.

Asabar, 13 ga Afrilu

Mun fara aiki. Jifan tawul a bayan shagonsa don hannu ya saki. Hawa matakalar wurin ibada don cinya, domin gudun ƙwallo daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, hannu ɗan aike ne kawai. Na sa shi ya riƙa cusa yatsu cikin bokitin waken soya yana murzawa.

Ya ce min, "Gen, waken nan na sayarwa ne fa."

"To ka wanke hannu, tsohon banza."

"Wata uku kacal na ba ka."

"Sun nuna a jikinka."

Ya ba ni awara mai zafi biyu na kawo wa matata Sumie.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Na gaida jan akwatin wasiƙu na bakin titi, na ɗauka matar Ebina ce da jar rigarta. Sumie na gefena. Ba ta yi dariya ba, abin da ya ba ni haushi kenan.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Saba'in da shida. Duk wahalar nan, biyu.

Wani abu dai ya tsaya min a rai. In muna jifan nesa, ƙwallonsa na tashi daga bakin ruwa har gindin shinge ba ta taɓa ƙasa ba. To ina ƙarfin ke zuwa in ya hau tudu? Na ce ya ƙara faɗin taku, ya bar sakin kafaɗa da wuri. Ya ce to. Toku bai taɓa ce min to ba sai in bai ji ba.

Alhamis, 2 ga Mayu

Sumie ta ja ni wurin likitan ido. "Baban Emi, ko ka bi ni da ƙafarka, ko in kira Emi a waya." Na bi. Likita, wata yarinya da ba ta kai 'yarmu Emi ba, ta ce yanar ido ce a idanu biyun, aiki ne ƙarami. Na ce zan yi tunani.

Na isa fili a makare. Ina kan ganuwar kogi, ban sauko ba, na hango wani a tsugune a wurina. Utsumi ne, mai jiran gadona, mutumin kirki mai hannu kamar katako. Toku ya jefa. Safar Utsumi ta ce ɓus, kamar an yar da jiƙaƙƙen tsumma. Koci ya ɗaga murya: "Tamanin da takwas!"

Na ɗauka kunnena ma ya bi ido. Ya sake jefawa. Tamanin da bakwai.

Sai wani ya ce, "Ga Gen-san can," yadda suke kirana don girmamawa. Na sauko, na karɓi wurina, na tsuguna. Fau! Saba'in da biyar.

Ba wanda ya dube ni. Mutum goma sha huɗu, kowa ya samu abin kallo a takalminsa.

Juma'a, 3 ga Mayu

Na same shi yana yanka awara cikin ruwa. Na ce, "Tun yaushe kake rage min gudun ƙwallo?"

Ya daɗe yana yanka. Ya ce, "Tun kakar bara. Ranar da ƙwallo ta wuce safarka ta same ka a ƙashin wuya."

"Rana ce ta shiga min ido."

"Hadari ake ranar, Gen."

Na ce ai sai ya faɗa min. Ya ce, "Kai ka faɗa min ka zare audugar safarka? Ka ɗauka ban san ƙarar ƙwallona ba?"

Na ce to ya jefa wa Utsumi ranar gasa, magana ta ƙare. Ya ce shi ba ya jifan katako. In Shimamoto na son tudu ya ɗauka, shi zai ci gaba da jefo min saba'in da biyar ɗinsa a gefen fili har ɗayanmu ya kwanta dama. Na zage shi. Ya ƙunsa min awara uku.

A hanya na tuna kwaɗon kaka. Ashe mu biyu ne a rijiyar, kowa na ganin shi ne bango.

Litinin, 6 ga Mayu

Ban fita ba. Sumie ta ce tunda ina gida in gyara mata keke. Shekarun da na yi ina gyaran kekunan garin nan, yau sai da ta zura min ƙusa a rami.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na ce wa Koci gwiwata ta ƙi tsuguno. Ya ce, "Gwiwa, ko?" Na ce gwiwa. Ya ce gwiwa mugun abu ce, ya miƙo min shayi.

Toku ya ji daga tudu. Ya ce, "Ƙarya kake, ɗazu na ga ka hau ganuwa da gudu." Na ce, "Jefa wa yaron nan ƙwallo, tsoho, ko in je in faɗa wa gari yadda ka wanke hannu a wakensu." Ya tsaya yana kallona har na fara jin kunya. Sannan ya juya.

Na ja Utsumi gefe na nuna masa inda ake tara, can tsakanin babban yatsa da manuni, a bar ƙwallo ta zo da kanta, kada a kai mata cafka. Ya ce, "Gen-san, da zafi." Na ce haka ake so.

Tamanin da shida. Koci ya ce tudu na Toku ne.

Lahadi, 26 ga Mayu

Mun faɗi, biyar da uku. Ba laifin Toku ba ne, masu gorarmu ne suka je yawon shan iska.

Koci ya ba ni na'urar in riƙe. Ba na ganin lambobin, sai na riƙa faɗa da kunne, Shimamoto na dubawa yana cewa na kusa. Kafin kowane jifa Toku sai ya waiwayo benci, wai yana neman alamar irin jifan da zai yi, wadda mai cafewa ke bayarwa. Na daka masa tsawa ya dubi gabansa. Bai daina ba, sai na riƙa ba shi da yatsu a kan gwiwa. Gwiwar da ke ciwo.

Sau ɗaya safar Utsumi ta ce fau da gaske. Ban faɗa masa ba, kada ya ji kansa.

Na bar Sumie ta kira likitar, don ta huta da mita ne kawai. Wata mai zuwa za a yi aikin, idon dama tukuna. Toku ya ce shi zai kai ni da motar awara, na ce in dai ba zai wuce saba'in da biyar ba.

Na shafa wa safata mai. Audugar da na zare tana nan cikin gwangwanin shayi, ban mayar ba.