Waƙar Mama a Bakin Wata

Zuwa ga Irimiya, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, muryar da nake ji ko a tsakiyar hayaniyar kasuwar Shahe ta nan China,

Ina gaishe ka.

Ka tuna ɗan ɗakin sujadarmu na unguwar Sanyuanli, a saman shagon takalma? A nan ka koya mini tsofaffin waƙoƙin yabon Allah na kudancin Amurka, masu murya huɗu da ke haɗuwa kamar rafuffuka sun zube a kogi ɗaya. Ka ce manoman auduga da malaman waƙa na ƙauye ne suka tsara su, sun mutu tuntuni, amma sunan kowanne yana nan a ƙarƙashin waƙarsa. Ka ce wanda ya goge sunan mawaƙi ya tone masa kabari. Kai ka faɗa, Irimiya, ba ni ba!

Da Mama ta rasu a Wusasa, ban samu zuwa jana'iza ba. A jirgin ƙasa daga unguwar Panyu na tsara mata waƙa da Hausa bisa wannan salo, ina tsaye, hawaye na zuba, 'yan China suna kawar da kai don kada su kunyata ni. Kai na fara rera wa. Ka ɗauki muryar ƙasa, na ɗauki ta sama, ka riƙe hannuna ka ce ita za mu rera ranar aurenmu. Wayyo, yadda na yarda da kai!

Sai ka tafi gida, wai za ka gaishe da Babana ka gabatar da kanka. Har yau Baba bai ga ƙeyarka ba.

Makon jiya Fasuma, maƙwabciyata a kasuwa, ta miƙo mini wayarta tana murna, wai ga mutumina ya yi suna a Jos. Na gan ka a bidiyo cikin farar riga, kana rera waƙar Mama. Na ga wata a gefenka, hannunta cikin naka, tana rera muryata, tana murmushi a daidai baitin da nake kiran Mama. A ƙasa an rubuta kai ne ka tsara.

Wace uwa ka binne, Irimiya? Taka tana nan da ranta! Yaya bakinka ya iya furta kukana bai yi ɗaci ba? Ita wannan baiwar Allah, ta san hawayen wa take sha?

Ya farin watana da gajimare ya rufe, ba zan kai ƙararka wurin fasto ba. Abu ɗaya nake roƙo: ranar Lahadi ka miƙe a gaban ikilisiya, ka ce Rifkatu ce ta tsara wa mahaifiyarta Talatu. Zuciyarka kuwa, ka kai ta inda kake so.

Tawa dai ta ƙi jin magana. Na yi mata faɗa, na nuna mata hotonku, har yanzu kai take yi wa addu'a kafin ta yi wa kanta.

Taka, wadda ba ta iya janye alkawari ba, ko da ita kaɗai ta rage a cikinsa,

Rifkatu