Gwiwata Ba Za Ta Raba Ni Da Jegon 'Yata Ba

Assalamu alaikum Hajiya Ummussalma. Don Allah ki taimake ni, kuma ki amsa mini da wuri, don kwanakin da suka rage mini ƙidayayyu ne. Tun da fari kuma in gaya miki, ban rubuto don a ce mini in yi haƙuri ba. Haƙuri na ci shi har na ƙoshi. Hanya nake nema.

Shekarata arba'in da tara, a Gwaram nake aure. 'Ya'yana biyar, huɗu maza, sai autata Zahara'u, ita kaɗai ce mace. Bara aka kai ta ɗakinta a Sara, yanzu tana da cikin fari, wata huɗu. Kin san yadda ake yi a wajenmu: in ciki ya tsufa gida yarinya take dawowa goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, uwar ta yi mata wankan jego har a yi arba'in. Tun ranar da na ji labari na sa aka faskara mini itace, na fito da babbar tukunya na wanke, har yajin jego na fara haɗa kayansa.

Ana haka yayar maigidana, Hajiya Bara'atu, ta zo daga Birnin Kudu gaishe mu. Ta shigo ina zaune a tabarma, na yunƙura in tarbe ta, sai da na dafa turmi, na dafa bango, sannan na miƙe. Ba ta ce mini komai ba, dariya ma muka yi. Ashe da ta fita zaure sai ta ce wa Malam gidanta za a kai Zahara'u, ga asibiti kusa, ga ta ita da ƙarfinta. Wai wadda ba ta iya ɗaga kanta daga tabarma, ta yaya za ta ɗaga jariri? Malam ya shigo yana sosa ƙeya, ya ce mini a dai duba nan da wata uku. Na san "a dai duba" ɗinsa, shekara talatin muna tare. Yayarsa in ta yi magana ba ya tsallakewa.

Ba zan ce ƙarya ta yi mini ba. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, fiye da shekara ashirin ina kan kujera 'yar tsuguno daga hantsi har la'asar, kuma ba na musu, kowane kasko aka kwashe sai hannuna ya kai baki. Da na je asibiti aka ɗora ni a sikeli, kilo ɗari da shida. Likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwata ya fara zaizayewa, in rage ƙiba. Ban samu na tambaye shi ta yaya ba, layi ya yi tsawo, ni kuma kunya ta kama ni. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, duk tsawon shekarun nan wannan jikin ake yabo. A gidan biki ita kanta Hajiya Bara'atu ce ke dafa kafaɗata tana cewa ƙaninta ya iya kiwo. Yau kiwon ya zama laifina.

To, ni ba na zama in jira a yanke mini hukunci. Mako uku ke nan da na fara abin da na ga zan iya. Na daina cin komai daga safe har magariba, amma in magaribar ta yi, sai in ga malmala uku ta wuce ban sani ba. Na aika kasuwar Gwaram aka sayo mini wani garin magani wai yana narkar da kitse, kwana biyu na yi tsakanin ɗaki da banɗaki. Sai na ga wasu mata a waya suna tsallen igiya, duk sun zama siri-siri. Na yanki igiyar shanya, na turo ƙofa, ni mai jikoki uku ina tsalle a tsakar ɗaki. Ban kai ashirin ba gwiwar hagu ta ba da wata ƙara, kafin la'asar ta kumbura suntum. Kwana huɗu a zaune na yi salla.

Sai kuma maganar Inna Dada. Tsohuwa ce maƙwabciyarmu, katanga ɗaya ta raba mu. Tun ina amarya muke ciyayya da ita, kwanonta ya shigo nawa ya fita, ko azumi ko salla bai taɓa fashi ba. Juma'ar da ta wuce ta aiko mini da dambu yana ƙyallin mai. Na san in na buɗe sai na ga bayansa, don haka na mayar mata da shi a rufe yadda ya zo. Tun ranar ko na yi mata sallama ta kan katanga ba ta amsawa. Unguwa ta ɗauka. Masu cewa zargin ta nake ta zuba mini wani abu, masu cewa wata cuta nake ɓoyewa, masu cewa Malam ne ya daina cefane. Wannan ta ƙarshen ce ta kai kunnensa, ya shigo yana faɗa wai zan zubar masa da mutunci, in ci abinci kamar kowa. Ki duba fa, Hajiya. Mutumin da ya yarda na yi nauyin da ba zan iya jego ba, shi ne kuma ba ya son a ga na rame. Na ce masa ya zaɓi ɗaya.

Uwata ta rasu kafin in yi haihuwar fari. A hannun gwaggona na yi jego, kuma Allah ya saka mata, ba ta rage ni da komai ba. Amma kwana arba'in ɗin nan kullum sai na juya fuskata bango na yi kuka. Zahara'u ba marainiya ba ce. Ina raye, ina numfashi, ba za a ɗauke ta a wuce da ita ta ƙofar gidana zuwa Birnin Kudu ba. Mai gulma ya yi, mai fushi ya yi. Ki faɗa mini me zan ci, wane motsi zan yi wanda gwiwar nan za ta ɗauka. In ma ba ki amsa ba, zan ci gaba da lalube, ba dai in fasa ba.

Taki,
Mai Ƙuli, daga Gwaram

*

Wa alaikumus salam Mai Ƙuli. Ba zan ce ki yi haƙuri ba, don taurin kan nan naki shi ne jarinki. Sai dai mako uku kin sa shi a inda ba zai haifar miki da komai ba face kumburi.

Igiyar nan ki mayar da ita shanya. Garin maganin ki zubar, ruwan jikinki ya kwashe, ba kitse ba, kuma irinsa na iya taɓa ƙoda. Wunin yunwar ma ki bari, kin ga da idonki inda yake ƙarewa. Ki koma asibiti a duba gwiwar da ta yi ƙara, a auna miki jini da suga, ki nemi a haɗa ki da masu gashin ƙashi. Wannan karon ki rubuta tambayoyinki a takarda, kada ki tashi sai an amsa. Ni mai shawara ce, su ne masu ganin gwiwar.

In kumburin ya saɓe kuma sun yarje miki, ki fara da abin da ba ya buga gwiwa da ƙasa. Ki zauna a kujera mai tsayi, ki miƙe ƙafa ɗaya sambal, ki ƙirga biyar, ki sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. Naman cinya ne ke riƙe gwiwa, in ya yi ƙarfi rabin wahalar ta tafi. Bayan mako guda ki ƙara da tashi da zama daga wannan kujerar, biyar zuwa goma, kina dafawa in ta kama. Tafiya kuwa tsakar gidanki ta ishe ki: minti goma bayan asuba, minti goma bayan la'asar, da takalmi mai taushi, kina ƙara minti biyu duk mako har ki kai rabin awa. Ɗan tsami a jiki ba komai ba ne. Amma ciwon da ya kwana ya wuni, ko sabon kumburi, to kin zarce, ki ja baya. Kujera 'yar tsuguno kuma ta yi ritaya. Ki sa a ɗaga miki murhu da mazauni, kina miƙewa tsakanin kasko da kasko.

Abinci sau uku za ki ci, ba kuma zan raba ki da tuwo ba. Malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunki, miya ta fi tuwon yawa, kuka ce ko kuɓewa ko ganye. Yanzu damina ce, zogale da rama da yakuwa ko'ina. Da safe ki nemi abin da ke riƙe ciki, wake ko dafaffen ƙwai ko nono ba sukari. Mai da cokali za ki auna, ba da ludayi ba. Lemon kwalba ki yi sallama da shi, shayi ki rage masa sukari. Ƙulin kuma ki ware guda biyu a murfi tun da safe, in sun ƙare ɗanɗano ya ƙare.

Kada in yaudare ki: da wannan tsarin kilo biyu a wata abin godiya ne. Nan da wata uku ba za ki zama siririya ba, wataƙila ma 'yan unguwa ba za su lura ba, sai ki huta da bakinsu. Amma gwiwa za ta lura, don a kowane taku nauyin da ke sauka a kanta ya ninka na jiki. Malam kuma ki tafi da shi asibiti ya ji daga bakin likita. Namiji in ya ji da kunnensa, shi ne zai riƙa tare miki masu surutu a waje.

Inna Dada kam kin yi mata laifi, kin kuma sani. Kwanon ciyayya ba a mayar da shi a rufe. Karɓa dole ne, cinyewa ce ba dole ba: ki ɗebi cokali biyu ki ci, ki sa albarka, sauran ki miƙa wa mutanen gida. Ki shiga wajenta da kanki, ki nuna mata gwiwar, ki faɗa mata maganar Zahara'u. Tsohuwar da ta ciyar da ke shekara talatin, in ta san abin da kike fafutuka a kai, ina kyautata zaton kwaɗon zogale zai fara tsallako katanga.

Yanzu Hajiya Bara'atu. Ta yi kuskure da ta bi ta zaure maimakon ta same ki, amma tsoronta ba na banza ba ne. Tukunyar ruwan zafi, ƙasa mai santsi, jariri a hannu, gwiwar da ke iya sakin mutum ba shiri: ke ma in wata ce za ki ji tsoro. Maganin wannan tsari ne, ba rantsuwa ba. Ɗaukar ruwa da hura wuta ki ba ɗaya daga matan 'ya'yanki. Wankan jariri ki yi shi kina zaune a kujera, bahon yana bisa benci. Haihuwa a asibiti, wannan ba ja-in-ja. Ruwan wankan mai jego ya zama mai ɗumi, ba mai salɓe fata ba, kanwa a kunu kuma a yi ta kaɗan ƙwarai, likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan illarta ga zuciyar mai jego. Ki kai wa Malam wannan tsarin tun yanzu, ki kuma gayyaci yayarsa ta zo ta yi makon farko tare da ku. Wadda aka ba matsayi ba ta cika yin ƙwace ba. In kuma likita ya ce cikin na bukatar kusa da babban asibiti, to ki ɗaure kayanki ki bi 'yarki Birnin Kudu. Uwa ake nema a jego, ba ɗaki ba.

Abu ɗaya ya rage. Na karanta wasiƙarki sau biyu. Na ji abin da Malam ya ce, da na yayarsa, da na likita, har da na 'yan unguwa. Ban ji abin da Zahara'u ta ce ba, kuma ina zargin ba wanda ya tambaye ta, har ke. Na san kunyar da ke tsakanin uwa da 'ya a kan zancen ciki, amma ki ajiye ta na minti biyar ki kira ta yau. Ta san halin gwiwarki. Mai yiwuwa tana can Sara ta yi shiru, tana so ta zo gida, tana tsoron kada ta ɗora miki nauyi. Kada ki bari ta ji daga bakin wasu cewa ana ja-in-ja a kanta. Ki faɗa mata da bakinki: ina son ki zo, kuma ina shiri.

Allah ya sauke ta lafiya, ya ba ki ƙafar da za ki taka har zaure ki tarbe ta.

Hajiya Ummussalma