Ranar Da Na Ninke Takardata

Unguwar Mansur, Makka
3 ga Rajab

Ƙanwata Ummulkhairi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da yara, da gwiwar nan taki mai rigima.

Tun ina saurayi nake jin wai a Amurka wani baƙar fata ya yi wa dubban mutane jawabi a kan 'yancinsu, har ya taimaka aka sauya doka. Ni da na girma a gindin masu tatsuniya, na san ƙari idan na ji shi. Ban yarda ba.

To ga shi baki ne kaɗai ya rage mini. 'Ya'yan marigayi Yaya Hashim, Rakan a gaba, za su tara dangi ranar Juma'a a sayar da gidan Baba. Na rubuta jawabi shafi uku da Larabci, tunda Hausarsu ba ta wuce sannu ba. Ki yi mini addu'a.

Yayanki,
Tsoho Mailafiya

10 ga Rajab

Ummulkhairi,

Gaisuwa mai yawa. Zauna tukuna.

Ban kai rabin shafi ba Rakan ya koma kan wayarsa. Sai na tuna abin da aka ƙara gaya mini kwanan nan: wai mutumin nan na Amurka ma barin takardarsa ya yi a tsakiya, ya kama magana ɗaya yana maimaitawa, taro na amsawa. Ashe amshi ne, irin namu!

Na ninke takarda, na koma Hausa. Na ambaci Baba, da ya zo Makka a ƙafa cikin shekara bakwai, na ce a nan ya sauka. Na shiga lissafa baƙin da gidan ya taɓa saukarwa: na ambaci makahon Katsina, a nan ya sauka. Matar da ta haihu a Arfa, a nan ta sauka. A na huɗu tsofaffin mata suka karɓe mini. A na bakwai na ji muryar Rakan a ciki, Hausar a karkace, ido ya yi ja.

An fasa sayarwa. Wakafi za a mai da shi, don baƙi.

Idan kina tambayar inda na samo ƙarin labarin, daga maƙwabcina na sahun salla ne, Malam Abdulquddus Ba'amurke. Yana wurin ran da aka yi jawabin nan na Amurka, yana ɗan shekara goma sha huɗu, riƙe da takalman mahaifiyarsa da ƙafarta ta kumbura.

Ki gaida kowa.

Yayanki,
Tsoho Mailafiya