Aron Murhu a Shekarar Fari

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, a durƙushe kamar yadda kika koya mini, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Mu nan lafiya lau, sai gwiwoyi da suka fara yi mini gardama, da kewarki da ta ƙi raguwa.

Jikokina ne suka sa na ɗauki alƙalami. Jiya na same su sun haɗa kai kan waya suna kallon wani fim na ƙarshen duniya: gari ya zama kufai, 'yan tsirarun da suka rage suna yawo da bindiga. Na tsaya a kansu zan yi faɗa, sai na tuna ni ma na taɓa kawo miki irin wannan labari har tsakar gida.

Kin tuna shekarar fari, wadda aka daina fam da sule aka koma naira? Na dawo hutu gidanmu na unguwar Kwarbai daga makarantar horon malamai mata, da wani littafin Turanci marar bango da wata malama Ba'indiya ta ara mini. Labarin wata annoba ce da ta share mutanen duniya, ta bar mutum ɗaya tak a wani ƙaton birni. Kika ce ba a tagumi a gidanki kan abin da ba ki sani ba. Dole na riƙa juya miki shi da Hausa bayan la'asar, ni kan tabarma, ke kina kaɗi da mazarinki.

Ban taɓa samun mai sauraro mai katsalandan irinki ba. Tun shafin farko kika ƙi yarda da sunan abin. "Tashin duniya ba ya barin saura, 'yar boko. Wannan dai wahala ce." Da na ce gawarwaki na nan zube a titi, kika tambayi wa ya yi musu wanka, wa ya sallace su. Da na ce mutumin nan yana shiga kanti ya ɗauki abin da ya ga dama, yana sauya mota kamar takalmi, ni har ina sha'awarsa, kika taɓe baki kika ce, "To wa zai ce masa Allah ya sa alheri?" Naman gwangwanin da yake ci shi kaɗai kuwa, cewa kika yi abincin da ba a yi wa kowa bismillah ba dusa ne.

Amma ke ma, Inna, Allah ya jiƙan ki, ba kanwar lasa ba ce. A lokacin da kike tausaya wa Baturen da ba shi da maƙwabci, ke kina gaba da taki maƙwabciyar.

Gwaggo Dije ke nan, aminiyarki ta bayan katanga, wadda aka auro daga ƙauye tun kafin a haife ni. Mijinta ya rasu, ɗanta tilo ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, labarinsa sai jefi-jefi. Da tuyar ƙosai take riƙe da kanta. Akwai wata 'yar kafa a katangar da kuke miƙa wa juna gishiri da daddawa da garwashi. Sai bikin Yaya Sani ya zo, aka raba goron gayyata, nata bai isa gare ta ba. Ita ta ce ba ta zuwa gayyar soɗi. Ke kika ce ita ai uwar biki ce, uwar biki kuwa ba a kai mata goro, rashin zuwanta wulaƙanci ne. Aka toshe kafa da tubali. Kika juya kujerarki, kika ba katangar baya. Mahaifinmu Malam ya tuna miki hukuncin gaba har ya gaji, amsarki ɗaya ce: "Ni ba gaba nake ba, Malam, magana ce ba ni da ita."

Wata rana muka kai inda mutumin littafin ya ƙoshi da kantuna da motoci. Kullum da safe sai ya hau bene mafi tsawo ya tsaya yana duban sararin sama, ko zai hango hayaƙi, don duk inda hayaƙi ya tashi akwai mai rai. Ban kai ƙarshen shafin ba na ji ƙarar mazari ta ɗauke. Na ɗago, na ga kin waiwaya kina kallon saman madafin Gwaggo Dije, inda babu ko alamar hayaƙi. Kika tambaye ni yaushe rabona da jin ƙamshin ƙosai. Na yi ta tunani, na kasa tunawa. Wake ya zama sai wane da wane a shekarar nan, man gyaɗa ma haka, kuma babu wanda ya kula a cikinmu.

Kika yafa mayafi, kika ɗauki kaskon ɗibar wuta, alhali ga wuta tana ci a murhunmu. Kin san ko maƙiyi ba a hana shi wuta, kuma ba a tambayarsa dalili. Na bi ki muka zaga ta lungu.

Har yau in na rufe ido ina ganin gidan nan. An share tsakar gida tas, tukwane a kife. Gwaggo tana zaune bakin ƙofar ɗaki, zanin da ke jikinta ya yi mata yawa. Murhunta kuwa har gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin duwatsun. Ta dubi kaskon, ta kawar da kai, ta ce, "Yau ban hura da wuri ba."

Kin san halinta. Da kin aika mata da ƙwaryar dawa, da ta dawo miki da ita ko da yunwar za ta kai ta kabari. Sai na ji kina cewa gara ta cinye azarar madafinmu, Malam ya hana a hura wuta a ƙarƙashinta kada rufin ya rufto. "Ki ara mini murhunki, Dije, kada yarana su kwana da yunwa." Na buɗe baki, kika taka mini ƙafa. Gwaggo ta ce murhu dai ga shi nan, ba ta hana ba.

Da Malam ya dawo kika shaida masa hanin da aka ce ya yi. Ya shiga madafi, ya ɗaga kai ya dubi rufin da ko tsaga babu, ya ce, "Allah ya kyauta." Kashegari ya samo gwafa ya tokare shi, don kada mai leƙowa ya ƙaryata matarsa.

Haka muka riƙa ɗaukar tsaki da tukunya muna kaiwa gidan Gwaggo har kaka. Wanda ya dafa a murhun wani ba ya saukewa bai zuba wa mai murhu ba, wannan kowa ya sani, don haka ba ta da bakin ƙi. Mu ma ba wani yalwa gare mu ba. Tuwo ya koma kunu, kunun ma ya tsinke, na sha ganin kina lasar ludayi kina cewa kin ƙoshi. Amma aka cire tubalin kafa, dariyarku ta dawo, maganar goro kuwa ban ƙara jin ta a bakin kowa ba.

Littafin ma ba mu ƙarasa shi ba. Kika tambaye ni ko bawan Allahn nan ya sami mutane daga baya, na ce ya samu. Kika ce, "Alhamdu lillahi, rufe shi haka nan." Na yi shekaru ina koyarwa, na karanta irinsa da dama, masu bam da masu ambaliya. Duk inda suka zaga, nan suke dawowa: in komai ya ƙare, abin da mutum yake nema shi ne wanda zai lura ba ya nan. Ke ba ki san baƙi ko ɗaya na boko ba, kika riga ni fahimta.

Akwai abin da ba ki sani ba, Inna, shi nake son in faɗa miki. Ranar da kika rasu, Gwaggo Dije ce ta yi miki wanka, ta ƙi bari kowa ya karɓe ta duk da tsufanta. Bayan an fita da ke, ta jawo ni gefe ta riƙe hannuna. Ta ce, "Hajara, ranar da uwarki ta zo aron murhu na san ƙarya take. A gabana aka yi rufin madafin nan, azarar giginya ce, gara ba ta cin ta. Na yi shiru ne don kada in kunyata ta."

A nan ne kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace mini. Ke kina rufa mata asiri, ashe ita ma naki take rufawa.

Ita ma ta bi ki bayan 'yan shekaru. Allah ya gafarta miki, Inna, har da ƙaryar azara. Ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya jiƙan Malam da Gwaggo Dije. Yadda ya haɗa ku maƙwabtaka a nan, ya sake haɗa ku a Aljanna Firdausi, ya sada mu da ku cikin aminci. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Hajara