Ƙwayar Maraɗi da Ƙwayar Jibiya

Jibiya, 6 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Adama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da jikoki. Ya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Na daina yarda da waya, don da na kara ta a kunne sai in ji kamar numfashin wani a ciki. Alli na ajiye da na yi ritaya, ban ajiye biro ba.

Yaya, ana son ganin bayana a gidan nan. Tun bayan ƙaramar Sallah zuciyata ke dukan uku-uku, hannuna na rawa har kofin shayi ba ya kai bakina a cike. Ina ci kamar gara, amma kullum ramewa nake. To wa ke girkin? Surukata Zaituna, matar ɗanki Dalhatu, mai ladabin nan da kike yabo. Jiya na kama ta dumu-dumu a ɗakina, hannunta cikin jakar magungunana. Ta yi tsuru-tsuru, wai kwalayen take dubawa. Yarinyar da ta tsaya a aji huɗu, me ta sani a rubutun Faransancin da ke jikin kwalin maganin Maraɗi?

Na gaya wa Dalhatu, maimakon ya tsawata mata sai ya ce zai kai ni asibiti. Wai akwai wani Likita Uwaisu da ke zuwa daga asibitin koyarwa duk Laraba, da ƙananan likitoci biyu da yake koya wa ciwon jiki da ciwon ƙwaƙwalwa a haɗe. Ni dai ban taɓa ganin tela mai gyaran rediyo ba. Na gane nufinsu sarai, takardar hauka suke so a rubuta mini a fakaice. Zan je, don in ga iya gudun ruwansu.

Ki gaida kowa, amma ban da zancen nan.

Ƙanwarki,
Salmatu

Jibiya, 16 ga Mayu

Yaya Adama,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Na ga amsarki. Kin ce in yi haƙuri da yarinyar, har na fara tunanin ko ke ma ta kira ki.

Na je wurin likitan. Ɗalibansa ne suka fara zama da ni. Namijin ya yi ta tambayata ko ina jin muryoyi, ko ina ganin ana bibiyata. Na ce ba gani nake ba, sani na yi. Nan take ya rubuta a tura ni sashen masu taɓin hankali. Likita Uwaisu ya shigo ya karanta. Sai ya sa yaron ya kama wuyan hannuna ya ƙirga bugun, ya sa na miƙe hannuwa ya ɗora fallen takarda a kai, tana ta karkarwa. Daga nan ya nemi izini in sassauta mayafi. Kin san tabon aikin maƙoƙon da aka yi mini a Maraɗi shekara shida da suka wuce, wanda ba na son a gani. Ya tambaye su yadda suka yi rabin awa da mutum ba su dubi wuyanta ba. Macen, Likita Fatimatu, ta yi caraf ta ce ashe duk ciwon jiki ne, ita ma ya taka mata burki. Ya ce tsoron da nake faɗa tsoro ne na gaske, kuma a zauna a saurare shi har ƙarshe. Daɗin baki, Yaya. Mai son kama kaza ma tsaba yake watsa mata.

Ya tambaye ni magungunan da nake sha, na miƙa katin asibitin Jibiya kaɗai. Ya sake tambaya ko akwai wani, na ce babu. Kin dai san mu mutanen bakin iyaka, kowa kati biyu gare shi, na nan da na tsallake, kuma ba a nuna wa likita katin wani likita, kada ya ce an raina shi ya yi maka aikin ganin dama. Haka Inna ta yi har ta koma ga Allah. Suka ɗebi jinina kwalba biyu, ban san inda za a kai shi ba.

Ga abin da ya ƙarasa ni. Ina fitowa na hango Zaituna a baranda tana miƙa wa Likita Fatimatu wani abu a baƙar leda. Da muka dawo na ce wa Dalhatu ya zaɓa, ko ni ko ita. Ya durƙusa yana kuka, ban ɗaga ido ba. Ya rubuta mata saki ɗaya, ta koma gidansu a Bugaje. Na ɗauka zan ji sanyi, amma ga shi yau ni na yi girkina da kaina, kuma hannun bai daina rawa ba.

Taki,
Salmatu

Jibiya, 4 ga Yuli

Yayata Adama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma neman gafarar shirun da na yi. Kunya ce ta riƙe biron. Dubi rubutuna, kin ga ya miƙe.

Da sakamakon jini ya fito, Likita Uwaisu ya zazzage baƙar ledar nan a kan tebur. Kwalayen magungunana ne guda biyu da na shanye na jefar. Tun da aka cire mini maƙoƙo nake shan ƙwaya ɗaya kullum daga Maraɗi. Da aka rufe iyaka bara ta yanke mini, sai na yanki kati a nan aka ba ni wata, kwalinta daban, launinta daban. Da aka buɗe iyakar Magama na tsallaka na sayo tawa ta asali, na ci gaba da shan duka biyun, a zatona ta Jibiya ta ƙarin ƙarfi ce. Ashe magani ɗaya ne. Ni nake ninka wa kaina shi kowace safiya, har da bismillah.

Zaituna ba ta karanta Faransanci, gaskiyata a nan. Amma ta ga lamba ɗari a jikin wannan kwali da wancan, ta kuma lura ciwon ya fara ne makon da na dawo daga Maraɗi. Abin da take dubawa ke nan ranar da na kama ta. Ta ji tsoron gaya mini, shi ne ta kai wa masu sani.

Likitan ya rage mini maganin, ya haɗa katunan biyu da ƙusar takarda a gabana. Bai sallame ni ba, duk Laraba sai na zauna da ɗalibin nan da ya so tura ni sashen mahaukata, yana tambayata yadda zargin ke raguwa. Yaron ya iya sauraro yanzu. Shi ne ma ya tambaye ni wa na ɓata wa lokacin da nake cikin ciwo, na fashe da kuka a gabansa.

Yaya, na raba ɗana da matar da ta ceci raina. Dalhatu na gaishe ni safe da yamma, amma ba ya haɗa ido da ni. Ya je Bugaje sau biyu, mahaifinta ya ce 'yarsa ba za ta koma gidan da aka kira ta mai sa guba ba. Iddarta ta ci fiye da rabi. Gobe ni zan je biko da ƙafata, duk mai dariya ya yi.

Ki sa ni a addu'a.

Salmatu

Jibiya, 8 ga Yuli

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, direban da zai kawo miki takardar na jira.

Na je. Na durƙusa a tsakar gidansu gaban uwarta da maƙwabta, na faɗi abin da na yi ba ragi. Mahaifinta ya ce sai abin da yarinya ta ce. Ita kuwa ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce za ta dawo ba. Abin da ta tambaye ni kawai, ƙwaya nawa na sha da safe.

Sai na ciri ƙwayar kwana uku na ƙulle a bakin zane, na ajiye mata jakar magungunan gaba ɗaya da katunan. Na ce daga ranar ta huɗu ba zan karɓi magani a hannun kowa ba sai nata. Na san wayo ne, Allah Ya yafe mini, ban da wata dabarar.

Yau ce ranar ta huɗu. Na idar da walaha ke nan na ji sallama. Ta shigo da jakar a hammata, ta ɗebo ruwa a randa, ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta sa mini a tafin hannu, ta tsaya a kaina har na haɗiye. Sannan ta ce in buɗe baki ta gani. Na buɗe, Yaya.

Ki kira ni a waya yau, zan ɗauka.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Salmatu