Ledar Cincin Ɗin Ƙanwata Ta Faɗi Gaskiya, Masu Saye Sun Guje Ta

Anti Muhibba, don girman Allah ki ba ni shawara kafin in aikata abin da zai raba ni da ƙanwata, domin yau da safe saura ƙiris in aikata shi.

Ni ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar tarayya, na kusa hamsin. Ƙanwata, bari in kira ta Sa'adiya ko da yake ba sunanta ba ne, sana'ar cincin take yi. Da bokitin roba ta fara, tana zagaya ofisoshi. Yau tana da ɗakin suya a bayan gidanta, da mata daga Kuchigoro masu yi mata murji da yanka, da rajista, da leda mai sunanta. Ni ce mai kula da takardu da buga leda, don ni na iya jayayya da mutanen ofis, ita kuma ta iya kwaɓi. Anti, cincin ɗin yarinyar nan ba ya karya haƙori, ba ya barin maiƙo a yatsa. Ba don jinina ce ba.

Bara wani babban kanti a Wuse ya ba ta wuri a kantarsa. Kin san yadda garin nan ya koma. Kowa ya gina gida, ya sayi mota, sai kuma ya tuna yana da tumbi. Matan manya ba sa jefa komai a kwando sai sun juya bayan leda sun duba kalori, wato awon yadda abinci ke sa ƙiba. Saboda haka kantin ya ce dole mu rubuta namu. Muka kai cincin ɗakin gwaji, aka ce ledarta mai giram ɗari tana ɗauke da kalori ɗari huɗu da casa'in.

Mai zana mana leda ya yi dariya, wai ba haka ake yi ba. Wai mu rubuta cewa cin mutum ɗaya giram ashirin ne, sai lambar ta faɗo ƙasa da ɗari, a buga ta ɓaro-ɓaro. Can ƙasa kuma, inda ledar ke naɗewa, a sa da ƙananan haruffa cewa ledar ta mutum biyar ce. Wai duk kayan da ke kantar haka suke.

Sa'adiya ba ta yi masa musu ba. Sai ta ɗebi ledoji ta raba wa maƙwabta, da direbobi, da abokan aikina, daga baya ta bi su tana tambayar wanda ya rage. Ba a samu ko ɗaya ba. Wanda ya buɗe tasa a gosulon gadar Karu, kafin ya kai Nyanya ya kife ledar a baki yana karkaɗe garin. Ta dawo ta ce mutum ɗaya ke cinye ta, mutum ɗaya za ta rubuta. Ta tuna mini mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da ya sayar da hatsi duk rayuwarsa bai taɓa ajiye mudun da aka buge wa gindi ba. Wai wannan ma mudun ne, an dai buga shi da Turanci. Ta ce akwai mai ciwon suga da zai yarda da lambar nan kamar yadda yake yarda da likita, ita ba za ta tsaya da shi gobe ƙiyama a kan cincin ba. A ranar ji na yi kamar in goya ta.

To ga abin da gaskiyar ta jawo. Kusa da ledarta akwai wata, girmansu ɗaya, nauyinsu ɗaya, an rubuta mata casa'in da takwas. Da idona na ga wata madam da kayan motsa jiki ta ɗauki tamu, ta juya, ta yi salati, ta mayar kamar ta taɓa garwashi. Ta ɗauki waccan har guda biyu. Da na fito na tarar da ita a cikin jif ɗinta, ta ci rabin ta farko tana waya. Na sayi irin ledar na kai gida na auna giram ashirin a sikelin kek. Anti, bai rufe tsakiyar tafin hannuna ba. Ko baƙon da ba ka so ba ka ba shi wannan.

Tun daga nan na zama mahaukaciyar karanta bayan kwali. Na ga kwalbar lemo da aka ce ta mutum biyu da rabi ce. Wane ne rabin? Ina yake zaune a Abuja? Na yi shekaru ina karanta rahotanni, na san yadda ake shirya ƙarya ba tare da an faɗi ƙarya ko ɗaya ba, amma ban zaci za a bi mu da ita har cikin baki ba.

Manajan kantin, in ce Oga Andrew, ya kira mu. Wai madam, kayanki na da kyau amma ba sa motsi, in wata ya ƙare haka zai ba wani wurin. Yana faɗa, ledar Sa'adiya na leƙowa daga aljihun teburinsa, a buɗe. Ita kuwa sai godiya ta yi masa, ta tambayi lafiyar iyalinsa. Ni da ƙyar na riƙe bakina.

Yanzu ledojinmu sun ƙare, dole a buga sababbi. Sa'adiya ta tafi Kwali wurin matan da ke matse mata man gyaɗa. Mai zane yana da zane biyu a ajiye, nata da nasa, kalma ɗaya yake jira daga gare ni. Ta yarda da ni har ba ta duba abin da na sa hannu. Kafin ta lura an buga dubbai, ba yadda za ta yi. Na kira shi ɗazu, da ya ɗauka na kashe. Ina tuna Hansatu, babbar mai yankanta, wadda da aikin nan take riƙe marayunta a makaranta. In aka rasa kantin nan, rabin matan za su koma gida. Shin in bar gaskiyar mutum ɗaya ta cinye abincin gidaje? Ina alfahari da ƙanwata har ina jin haushinta. Me zan yi?

Yayar mai cincin, Garki, Abuja.

Amsa

'Yar'uwa, kada ki sake kiran mai zanen nan sai kin yi magana da Sa'adiya. Wannan shi ne na farko, kuma ba ni da wata magana a kansa. Sunanta ne a jikin ledar, ita za a tambaya duniya da lahira. In kika canza a bayan idonta, ko wurinku a kantin ya tsira, kin rasa matar da ke barin ki sa hannu a madadinta ba tare da ta karanta ba. Irin wannan yardar ba a sake samunta.

Ƙanwarki ta burge ni ƙwarai. Mutane da yawa na son gaskiya, kaɗan ne ke fita su binciki yadda ake cin kayansu kafin su rubuta. Ke ma kin burge ni, don kin kashe wayar. Kuma damuwarki a kan Hansatu ba son zuciya ba ce, hakki ne.

Sai dai bari in yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Lambar da ke waccan ledar mai yiwuwa daidai ce ga giram ashirin, kuma akwai gidajen da ake buɗe leda ɗaya a zagaya da ita. Laifin yana wurin zaɓen awon da aka san ba a ci da shi, da ɓoye shi a lungu. Sannan, ki yi haƙuri, ita ma Sa'adiya ta bar gibi. Madam ɗin nan ta tafi da zaton cewa cincin ɗinku ya ninka wancan sau biyar a maiƙo, alhali kusan ɗaya suke. Wannan ma fahimta ce marar kyau, kuma ledarku ba ta gyara mata ita ba.

Ku biyun kun ɗauka zaɓi biyu ne kawai, nata ko na mai zane. Ku sa layi biyu, da haruffa masu girma ɗaya, a wurin da ido ke fara sauka: in an ci giram ashirin, casa'in da takwas; in an cinye ledar, ɗari huɗu da casa'in. Ba ku rage komai daga gaskiyarta ba, kun dai ba mai saye abin da zai gwada da na kusa. Mai hankali zai juya waccan ledar ya nemi layi na biyu, ya ga babu. Kafin a buga, ki leƙa hukumar da ta yi muku rajista ki tabbatar tsarin ya dace da ƙa'idarsu. Wannan fagenki ne.

Ki kuma ba ta shawarar yin ƙaramar leda, wadda mutum zai cinye a mota lambar ba ta tsorata shi ba. Shi kuma Oga Andrew, kada ki je masa da faɗa. Mutumin da ke ɓoye kayanku a teburinsa yana neman dalilin barinku ne. Ku roƙe shi ƙarin lokaci da ɗan teburi ranar Asabar, a ajiye sikeli da faranti, duk mai wucewa ya ga giram ashirin da idonsa, ya ɗanɗana. Kada ku taɓa ledar kowa, kada ku ambaci sunan kowa.

Ba zan yi miki alkawarin cewa wannan zai ceci kantar ba. Zai iya yiwuwa a rasa ta. Shi ya sa tun yanzu ki yi amfani da bakin nan naki a ofisoshi, da gidajen suna da biki, da masu odar Sallah, don aikin matan nan kada ya rataya a wuyan kanti ɗaya.

Ki kira ta yau, ki gaya mata komai, har da wayar da kika kashe. In ta amince da layi biyu, madalla. In ta ce a bar nata yadda yake, ki buga nata, ki tsaya kusa da ita ranar da wata zai ƙare. Allah ya sa albarka a sana'ar, ya rufa wa matan asiri, ya bar ku tare.

Anti Muhibba